Kambun Kyaftin a Damtsen Jaushan

Sanfa ba ta zuwa filin ƙwallo. Ko a zamanin da mijinta Idurees yake kyaftin ɗin Kanneli, duk unguwar Maafannu na rera sunansa, ita tana gida gaban kasko, don ranar wasa ce ranar da shagunan shayi suka fi neman gulha, curin kifin da take soyawa tana sayar musu. Yau ma haka. Ta ɗora 'yar talabijin ɗinta a kan buhun fulawa, tana cusa kifi da kwakwa cikin ƙulli, ta mulmula ta jefa a mai, jefi-jefi ta ɗaga kai ta nemi lamba huɗu a cikin masu rawayar riga. Lamba huɗu ɗanta ne Jaushan, kuma shi kaɗai gare ta.

Wasan ƙarshe ne na kakar bana, Kanneli da Maakana, wanda ya ci shi ne zakaran ƙasa. In kana neman ƙungiyoyi biyu a birnin Malé da suka tsani juna har cikin ɓargo, to ga su nan. Masunta ne suka kafa Kanneli, mutanen da suka koyi ƙwallo ba takalmi a bayan kasuwar kifi. Maakana kuwa ta 'ya'yan manya ce, masu farar riga mai karin guga, waɗanda har gobe in sun ga ɗan Kanneli sai sun toshe hanci. Shekarar da masunta suka fara cin kofin ƙasa, 'ya'yan manya suka kasa haɗiye abin. Suka tare masu murna a bakin tashar jiragen ruwa, aka fasa kawuna, wani ya fizgi kofin ya wurga shi bayan katangar da ke tare teku, can inda ruwa yake da zurfi da ƙarfin ja. Kyaftin ɗin lokacin ko riga bai tsaya cirewa ba. Ya faɗa, ya fito da kofin cike da ruwan gishiri, ya taka har gidan shugaban Maakana ya juye masa a bakin ƙofa.

Tun daga ranar abin ya zama doka. Duk shekarar da Kanneli ta ci, wanda kambun kyaftin yake damtsensa lokacin da aka hura tashi, shi ake ɗauka a kafaɗa har kan wannan katanga, a ba shi kofin ya rungume, a yi lilo da shi a jefa. Ana kaɗa ganga har ya fito, kuma ba mai shiga bayansa, wai shigar wani zagi ne ga kyaftin da ƙungiya baki ɗaya. Taurari tara ne a ƙirjin rigar Kanneli, sau tara ke nan kyaftin ya shiga ruwan nan, uku daga ciki Idurees ne. Har yanzu tsofaffi a shagon shayi suna gardama a kan ko a karo na biyu da dariya ya fito ko da waƙa.

Amma teku bai ƙyale shi ba. Wata rana raga ta sarƙe a ƙarƙashin jirginsu, Idurees ya shiga kwancewa, abin da ya yi sau ba adadi, bai fito ba. Ko gawa ba a samu ba. Jaushan a lokacin yana tatata. Sanfa, wadda ta tashi a wani ƙaramin tsibiri can kudu tana iyo tun kafin ta iya ɗaura zani, ta rantse ƙafar ɗanta ba za ta taɓa teku ba. Kullum ya dawo daga wasa sai ta kama damtsensa ta lasa. In ta ji gishiri, tsintsiyar kwakwa ce a gadon bayansa har sai ta karye. Gumi ma ai gishiri ne, amma ita ta ce ta san bambanci, kuma sau da yawa yaron ya sha duka a kan guminsa na Allah da Annabi. Haka ya girma ya zama ƙato mai tare 'yan gaba, ɗan masunci a ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, bai iya iyo ba. In 'yan ƙungiya sun tafi wanka bayan atisaye, sai ya ce kunnensa ne, likita ya hana. Daga shi sai ita suka sani, kuma ba su taɓa yin zancen ba. Hankalinta a kwance yake, don akwai kyaftin, akwai mataimakinsa, kuma Kanneli ta yi shekaru rabonta da kofi.

Kanneli na gaba da ci ɗaya, an kusa tashi, sai ɗan bayan Maakana ya taho a guje ya tashi da ƙafa biyu ya sauka a ƙaurin kyaftin Nishan. Har ta talabijin Sanfa ta ji ƙarar. Ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa. Kafin alƙalin wasa ya zaro kati, mataimakin kyaftin ya iso ya narka wa mai laifin naushi a baki, haƙora suka zube a ciyawa. Daga nan fili ya rikice. 'Yan benci suka kwararo, koci ya shaƙe koci, kwalabe da kujerun roba suna saukowa daga wurin 'yan kallo. Da ƙyar aka raba. An ba mutum uku jan kati, har da mataimakin. Nishan yana kan gadon ɗaukar masu rauni yana ihu, amma sai da ya zare kambun ya miƙa wa wanda ke tallafe da kansa.

Wanda ke tallafe da kansa lamba huɗu ne.

"Ɗan Idurees!" in ji mai sharhi, murya ta dishe. "Jama'a, kambu ya koma gida!"

Sanfa ta tsaya da ƙulli a hannu. Gulha ta ƙone a kasko, hayaƙi ya cika ɗaki, ita ba ta ma ji ba. A rayuwarta ba ta taɓa roƙon Allah ya ba Maakana ko da ruwan sha ba, amma yau ta ɗaga hannu ta roƙa musu ƙwallo ɗaya tak, da hawaye. Ba a amsa ba. Ta ga ɗanta da idonta ya tashi ya fitar da ƙwallo da ka daga bakin raga, ɗan banzan yaro, kamar ba shi ya san abin da ke jiransa ba. Aka hura tashi. Ihun da ya tashi daga fili ya shigo mata ta taga kafin ya fito ta talabijin.

Ta kashe gas, ta yi waje da dogon matsamin ƙarfe a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba. A bakin ƙofa maƙwabciyarta ta tare ta tana guɗa, tana kiranta Dhaitha, yadda ake girmama babbar mace a nan.

"Sanfa Dhaitha! Kin gani? Yau ɗanki zai sha gishiri irin na ubansa!"

Sanfa ta bangaje ta, matar ta zauna daɓas a cikin bokitin wanki.

Ba filin wasa ta nufa ba, ta san kafin ta isa sun tafi. Tashar jirage ta nufa, kuma hanyar tashar ta babban titi take. A can kuwa an riga an fara. 'Yan Maakana sun fito da baƙin cikinsu, 'yan Kanneli sun fito da fansar ƙafar Nishan, suka haɗu a mararraba. Samari suna tonon tubalan titi da hannu suna jifa. Wani babur yana ci da wuta a ƙofar shagon takalma. Wani yaro mai rawayar riga yana zaune a bakin kwata riƙe da kumatunsa da aka tsaga da reza, jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga, yana kiran uwarsa da sunanta. Mutum huɗu sun kayar da ɗaya suna tattaka shi, wanda ke ƙasa ya daina kare kansa. Sanfa ta ga duk wannan, ba ta tsaya ba. Ɗan wata ne, ta sani, amma ita nata ta fito nema.

Tubali ya same ta a gira. Ta durƙusa a gwiwa ɗaya, duniya ta juya mata, jini ya rufe mata ido. Ta share da gefen mayafi ta miƙe. Mayafin nan rawaya ne, ba don ƙungiya ta sa shi ba, shi ne kawai ya bushe a igiya da safe. Wani dogon saurayi mai farar riga ya sha gabanta, sarƙar babur naɗe a hannunsa.

"Ke tsohuwa mai ƙarnin kifi, ina za ki? Cire wannan tsumman ki taka shi, sannan ki wuce."

"Matsa min, ɗan nan."

"In na ƙi fa? Za ki soya ni ne?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Sanfa ta yi shekaru tana juya kasko da wannan matsami, damtsenta ba na wasa ba ne. Ta kai masa a kan hanci da gefen ƙarfen. Ƙashin ya amsa, ya saki sarƙar ya dafe fuska, ta ƙara masa a kunne ya kife. Kafin abokan su gama mamaki sai ga 'yan sanda sun kunno ta lungu da kulake, suka harba barkonon tsohuwa, kowa ya yi ta kansa. Wani ɗan sanda ya zuba mata kulki a kafaɗa ba tare da ya ko kalli fuskarta ba. Ta ratsa hayaƙin tana tari, ido na zubar ruwa, takalminta ɗaya ya tsaya a can.

Tun daga kasuwar kifi ta fara jin gangar. Rana ta yi sanyi, ta karkata, ruwan tasha yana ƙyalli. Mutane sun cika bakin teku maƙil, wasu a kan jirage, wasu a kan rufin kasuwa, da yawa da jini a riga, duk suna waƙa ɗaya. A kan katanga kuwa ga Jaushan a kafaɗun mutane, da rigarsa da takalman ƙwallonsa, ya rungume kofin a ƙirji. Kofin ƙato ne mai hannu biyu, sai mutum ya sa ƙarfi yake ɗaga shi. Jaushan yana murmushi. Ita da ta haife shi ta san wannan murmushin, irin wanda yake yi ne yana yaro in ta kama damtsensa za ta lasa.

Ta kutsa. Wanda bai matsa ba ta zungure shi da matsami a haƙarƙari. A gindin katanga ta iske Tuttu Beybe da gangarsa a cinya. Shi ne dattijon ƙungiya, da shi aka jefa Idurees duk sau ukun, kuma ba a jefa kowa sai ya ɗaga hannu.

"Beybe! Tsayar da gangar nan!"

Tsohon ya ɗago yana washe jajayen haƙoransa. "Sanfa! Yau ke ce a nan? Wa ya fasa miki kai? Ku ba ta hanya, uwar kyaftin ce!"

"Kada ku jefa shi."

"Me kika ce?"

Ta ja numfashi. Abin da ta ɓoye tun yaron yana tatata, ta faɗe shi da iyakar muryarta a gaban duk Maafannu.

"Bai iya iyo ba! Wallahi bai iya ba! Bai taɓa shiga ruwa ba!"

Ganga ta tsaya. Wani ya tuntsire da dariya, dariyar ta bazu har kan rufin kasuwa.

"Ɗan Idurees ne bai iya iyo ba?"

"Dhaitha, a cikin kasko kika raine shi?"

"Ku ji tsohuwa! To ni ma ban iya numfashi ba!"

Ba mugunta ce ta sa su dariya ba. Mutane ne da ba su taɓa ganin baligi a garin nan da bai iya iyo ba, ko sun gani ma ba su sani ba, don ba mai faɗa. Tuttu Beybe ya share hawayen dariya, amma ya ga fuskarta, sai ya juya sama.

"Ɗana, me uwarka take cewa? Gaskiya ne?"

Jaushan ya kalli ruwan, ya kalli dubban fuskokin da ke jiransa, sannan ya kalle ta. Sanfa ta roƙe shi da ido. A nan ta gane kuskurenta: da ta yi shiru, wataƙila da ya kawo zancen kunne. Yanzu ta toshe masa ko wannan ƙofar.

"Mamma ta sha hayaƙin 'yan sanda ne, Beybe," in ji shi. "Ku yi abin da aka saba."

Tuttu Beybe ya ɗaga hannu.

Ta yi kukan kura, maza biyu suka riƙe ta suna dariya suna ba ta haƙuri. Ta gantsara wa ɗaya cizo a hannu har ta ji ɗanɗanon jini, ta take yatsun ɗayan. Mutum huɗu sun kama Jaushan ta hannu da ƙafa suna lilo da shi, jama'a na ƙirgawa tare. Suka sake shi. Ya tashi sama da rawayar rigarsa, ya faɗa bayan katanga, ruwa ya fantsama ya rufe.

Ganga ta ɗauka. Kowa ya leƙa yana tafi yana jiran kai ya ɓullo. Kumfa ce kawai ta taso.

"Yana ja mana rai ne," in ji wani. "Ubansa ma haka yake yi."

Sanfa ta ƙwace, ta ɗaga matsami ta luma shi a fatar gangar Tuttu Beybe har ya ɓulla. Ta fizge mayafi ta yar, ta hau katanga. Wani ya kama mata ƙafa yana cewa haramun ne, ba a shiga bayan kyaftin. Ta shure shi a baki ta faɗa.

Rabonta da teku tun ranar da jirgin su Idurees ya dawo ba shi. Jikinta bai manta ba. Gishiri ya shiga tsagar girarta kamar wuta, ta buɗe ido duk da haka. Ruwan garau yake. Can ƙasa, gefe, inda jan ruwa ya fara tafiya da shi, ta hango rawaya da ƙyallin ƙarfe. Kofin ya cika da ruwa yana jansa ƙasa, shi kuma ya ƙanƙame shi da hannu biyu yana harba ƙafa ba tsari. Ta bi shi har kunnuwanta suka fara zafi.

Tana taɓa shi ya damƙe mata wuya da hannu ɗaya. Mai nutsewa ba ya sanin uwa. Ya shaƙe ta da ƙarfin da yake tare 'yan gaba da shi, idanunsa a waje, bakinsa a buɗe. Ta sa masa gwiwa a ciki, ta gwabza masa goshi a hanci, ya sake ta. Ta zagaya bayansa ta kama wuyan rigarsa ta yi sama, amma ba su tashi ba. Kofin ne. Ɗayan hannun yana nan a maƙale da hannun kofin, yatsu sun kafe. Ta ja, ya ƙi. Ƙirjinta yana neman fashewa. Ta kama ƙaramin yatsansa da hannu biyu ta lanƙwasa shi baya har ya karye, ta kama na kusa da shi ta karya. A na ukun hannun ya buɗe. Kofin ya juya sau ɗaya, ya yi ƙasa yana ƙyalli, har shuɗin ruwa ya haɗiye shi.

Sun ɓullo nesa da inda aka jefa shi, kusa da wani jirgin masunta da ke ɗaure. Ba ganga, ba waƙa. Yanzu da suka ga kan kyaftin yana lilo a kafaɗar uwarsa, sai ga maza suna faɗawa ruwa ta ko'ina, jarumai bayan an gama. Aka jawo su kan jirgin. Jaushan ya yi fari fat, ba ya numfashi. Sanfa ta ture duk wanda ya matso, ta durƙusa ta danna masa ƙirji, ta hura masa baki, ta danna, tana dukansa da dunƙulen hannu, tana zagin ubansa, da ƙungiyar ubansa, da duk wanda ya taɓa ɗinka rawayar riga a garin nan. Jinin girarta yana ɗiga a kan taurarin ƙirjinsa.

Ya shaƙe, ya juya, ya kwarara aman ruwa a kan katakon jirgi.

Tuttu Beybe ya iso, an riƙo shi, hularsa ta faɗi. Ya tsaya a kansu. Wasu samari sun riga sun nutsa neman kofin suna fitowa hannu wofi, don jan ruwan wurin ba ya mayar da abin da ya ɗauka. A kan katanga mutane sun yi cirko-cirko. Wani ya fara cewa tauraro na goma bai halatta ba tunda ba a fito da kofin cike da ruwa ba, na kusa da shi ya kwaɗa masa mari.

Jaushan ya buɗe ido. Ya ɗaga hannunsa ya kalli yatsun da suka karkace, ya kalli ƙirjinsa, ya laluba gefensa. Kambun yana nan a damtsensa, ya jiƙe sharkaf.

"Mamma," ya ce, murya a shaƙe. "Ina kofin?"

Sanfa ta sa hannu ta zare kambun daga damtsensa, ta wurga wa Tuttu Beybe a ƙirji. Sannan ta jawo kan ɗanta ta ɗora a cinyarta, ta riƙe shi gam.

"Yana wurin ubanka," ta ce. "Ya riƙe wannan. Kai kam ba zan ba shi ba."